Ranar da Maiwada Ya Danna Suri

Ina fara wannan rubutu da neman afuwar mai karatu game da hannuna. Sai da na haura shekara arba'in da biyar sannan na zauna a makarantar yaƙi da jahilci, saboda haka haruffana ba su cika tsayawa a layi ba, maganata kuma takan yi tsawo inda ya kamata ta gajarta. Sunana Mahamadu, ni ne magatakardan ƙungiyar manoma ta Tudun Gawo, wani ƙauye da ke yankin Guci. Duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Bara ruwa ya ɗauke mana da wuri, gero ya bushe a tsaye kafin ya yi ido. Bana sai wata ƙungiya ta Damagaram ta yi alkawarin ba mu irin gero mai saurin nuna. Sharaɗinsu ɗaya ne: a aika musu sunayen gidaje ta ordinater, wato kwamfuta, kafin la'asar ɗin ranar kasuwar Guci, in aka wuce, rabonmu ya tafi wani ƙauye. Shugabarmu, Ƙande, ita ta bi gida-gida da ƙafarta har muka cika littafi da gidaje tamanin da bakwai. Ƙungiyar ta aiko mana kayan aikin a kwali, da saƙon cewa ma'aikaciyarsu Balkisu za ta zo ta haɗa. Sai ruwan farko ya sauka a arewa, ƙorama ta yanke hanya, mota ta kasa ƙetarowa. Saura kwana biyu kasuwa.

A nan ne Maiwada ya miƙe. Maiwada taubashin Ƙande ne, dogon mutum mai faɗin murya, ya yi shekara uku a Damagaram. Shi yakan ce a sibar ya yi aiki, wato shagon da mutane ke shiga su yi amfani da ordinater. Sharifu mai kabu-kabu, wanda ya gan shi a can, ya ce gadin babura yake yi a bakin ƙofar.

"Wannan ba abin jiran wata Madam ba ne," in ji Maiwada. "Na ga ana haɗa irinsa sau ɗari."

Ƙande ta ce, "Ta taga ka gani ko ta ƙofa, bawana?"

"Ke dai kawo mabuɗin magaza. Kafin shayin Malam Sirajo ya nuna, sunanki ya isa Damagaram."

Muka taru a magaza, wato ɗakin ajiyar ƙungiyarmu. Maiwada ya ce kowa ya ja da baya domin numfashinmu yana da ƙura. Ya fiddo allon gilashi, da baƙin akwati, da faifan haruffa, da wani farin akwati mai ƙaho biyu, da shuɗiyar igiya. Sai ya fiddo wani ɗan abu kamar rabin mangwaro, mai doguwar wutsiya. Malam Sirajo, dattijon garinmu, ya tambaye shi ko mene ne.

Maiwada ya juya shi, ya sunsuna, ya ce, "Wannan abin magana ne, Baba. Da shi injiniyoyi ke kiran junansu. Ba kowa ke riƙe shi ba."

Ya ƙulla wutsiyar ya rataya shi a wuya. Akwai kuma wata 'yar ambulan mai ɗan kati a ciki, ya ce takardar garanti ce, ya cusa ta cikin hularsa.

Gaskiya ta wajaba a kaina: pano mai kamo hasken rana da batir daidai ya haɗa su, domin ya taɓa sana'ar cajin salula. Allo ya yi haske, mata suka yi guɗa. Daga nan ya ɗauki farin akwatin, ya ce sunansa ruter, shi ke riƙe rezo, wato sabis ɗin waya, ya soka bakin shuɗiyar igiyar a rami na farko da ke bayansa, ɗaya bakin kuma ya soka a rami na biyu.

Ƙande ta ce, "Igiyar nan daga ina ta fito, ina kuma ta nufa?"

"Daga gida ta fito, gida ta koma. Rezo zagayawa yake yi a ciki har ya yi kauri, kamar yadda kike dama kunu."

"Kunun da nake damawa ana sha."

A tsakiyar allon akwai wata 'yar kibiya. Maiwada ya taɓa ta da yatsa kamar yadda ake taɓa salula, ba ta motsa ba. Ya lashi yatsan ya sake taɓawa. Ya ƙwanƙwasa gilashin. Ya kai abin wuyansa baki ya ce, "Alo Damagaram, alo Damagaram," ya kara shi a kunne yana gyaɗa kai. Da muka tambaye shi me suka ce, sai ya ce sun ce na'urar ta gaji da hanya, a bar ta ta huta. Ya lulluɓe ta da bargo. Haka rana ta farko ta tafi.

Washegari da safe ya ce matsalar ƙahonin ruter ce, ba sa ganin sama. Ya hau gawon da ke ƙofar magaza da shi, wayar wuta ta fizge daga batir, fitilunsa suka mutu. Daga can sama ya leƙo ya ce ai haka suke yi in sun cika da rezo. Ya bar shi a reshe har azahar, tsuntsu ya yi masa kashi a ƙaho ɗaya.

Ƙande ta ce, "Sauko da shi. Yanzu za ka kira Balkisu, a gabana, ka buɗe murya kowa ya ji."

Dole in yi bayani a nan. A Tudun Gawo rezo ba ya shiga cikin gari. Wuri ɗaya yake sauka, a kan wani tsohon surin gara da ke gefen gonar Dogo, surin da ya fi tsawon mutum biyu. An sassaƙa masa matakala tun shekarun baya. Duk mai son jin muryar ɗansa a Kano ko Agadas, can yake hawa. Dogo kuwa, mai gonar, sunan kawai ne, shi ne mafi gajarta a garin.

Maiwada ya hau, mu muna ƙasa. Ya gyara murya.

"Madam Balkisu, injiniya Maiwada ne daga Tudun Gawo."

Muryar Balkisu ta fito tana yankewa. "To Malam, sannu da ƙoƙari. Allon ya kunnu? Kibiyar tana motsi?"

"Tana hutawa tukuna."

"Ka haɗa suri kuwa?"

Maiwada ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa. "Suri?"

"Suri mana. In ba ka haɗa suri da ordinater ba, babu abin da zai motsa. Ka soka wayar ta bayan baƙin akwatin. In ka haɗa, ka danna shi ta hagu sau biyu, da sauri-sauri."

"Madam, ai yanzu haka a kansa nake tsaye."

"A kan me kake tsa..."

Layin ya yanke, aka yi ta kira bai sake shiga ba. Maiwada ya sauko yana taku ɗaya-ɗaya.

"Kun ji da kunnenku. Abin da na faɗa tun jiya ke nan."

Malam Sirajo ya ce, "Ban ji ka faɗa ba, Maiwada."

"A zuci na faɗa, Baba. Masu ilimi sun daɗe da sanin cewa a cikin suri rezo yake kwana. Gara ce ke tara shi yadda take tara ciyawa. In ba haka ba, me ya sa ba ma samunsa sai a nan?"

Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Dukanmu mun ji ta ce suri, dukanmu kuma mun san inda muke hawa mu yi waya. Ni kaina na gyaɗa kai. Ƙande ce kaɗai ta tsaya tana kallonsa.

"Mutanen cikin birnin Damagaram fa, da ba su da suri?"

"Na siminti ake gina musu a bayan gida. Ke da ba ki taɓa wuce Dungas ba."

Sai na ga ta ja Sharifu gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa, da asuba kuma na ji babur ɗinsa ya fita ya nufi hanyar ƙorama.

Ranar kasuwa da hantsi aka ɗora kayan duka a amalanken shanu, domin igiyar ba ta wuce taku goma ba, ba za ta kai daga magaza ba. Maiwada yana gaba da abin wuyansa, yana ta ba shanu umarni da Faransanci. Masu tafiya kasuwar Guci suka ga taro, suka tsaya da jakunansu da buhunan wakensu. Kafin mu sauke batir, mutane sun fi ɗari.

Dogo ya ce, "Maiwada, a yi a hankali da gefen gonata, na zuba taki."

"Gonarka ta shiga tarihi yau, Dogo. Za a ji sunanta har Yamai."

Ya zare shuɗiyar igiyar daga ruter, ya soka baki ɗaya a bayan baƙin akwatin, ɗaya bakin ya tura cikin ramin suri har hannunsa ya shige zuwa gwiwa. Ya sa ni tsaron allo. Kibiya tana nan inda take.

"Surin ya bushe," in ji shi. "Rezo ba ya bin busasshiyar ƙasa. A kawo ruwa."

Aka kawo bido goma, wato jarkoki, daga rijiya. Ya hau ya riƙa tuttulawa ta saman surin, ruwan yana shigewa da wani irin gurnani. Gara ta fara fitowa ta ƙasa, ta sami kwalin da muka ajiye, ta kama aikinta.

Sai aka zo kan maganar hagu. Malam Sirajo ya ce hagu ita ce ta mutumin da ya fuskanci alƙibla, wata hagu ba hagu ba ce. Dogo ya ce tunda surin a gonarsa yake, hagun mai fitowa daga gona za a bi, wadda kuma ta yi nesa da takinsa. Wani mai jaki daga Dantchiao, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce a garinsu suri ba shi da hagu. Suka yi ta yi har rana ta ɗaga.

Ƙande ta ce, "Injiniya, kai da ka gani sau ɗari, wace hagu suke dannawa a sibar?"

"Ta tsakiya," in ji Maiwada. "In ka danna tsakiya, ka haɗa duka biyun."

Ya dafa surin da tafin hannu sau biyu. Babu labari. Ya ce abin da ya kai wannan girma ba da hannu ake danna shi ba. Ya naɗe riga, ya hau can ƙololuwa, ya ɗaga hannu ga jama'a.

"Mahamadu, idonka a kan kibiya. Sau biyu, da sauri-sauri."

Ya yi tsalle na farko, muka ji wani sauti kamar an bugi tulu mai tsaga. Ya yi na biyu. Jiƙaƙƙen surin ya buɗe baki, gefensa ya zube cikin takin Dogo, Maiwada ya shige har hammata. Ƙura da laka suka tashi, shanu suka zabura, na rungume allo a ƙirjina.

Daga cikin ramin muka ji muryarsa, ba ta ko girgiza ba. "Mahamadu, ta motsa?"

Na duba da kyau, domin ba na son in zalunce shi. Na ce, "Ba ta motsa ba."

"To a ɗan jira, saƙon yana hanya."

Bai kai ga rufe baki ba manyan garar nan masu jan kai suka iske shi ta ƙasa. Daga nan Faransancin ya ƙare. Da Hausa tsantsa ya riƙa kiran sunan mahaifiyarsa, da na Ƙande, da na Dogo. Aka kwance igiyar shanu aka ɗaura masa a ƙirji, ƙarti shida suka ja. Ya fito, takalmansa da hularsa ba su fito ba. 'Yan kasuwa suka yi dariya har wani ya faɗo daga kan jaki.

Dariyar ba ta daɗe a bakin mutanen garinmu ba. Dogo ya hau abin da ya rage na surin ya ɗaga salularsa, babu ko sanda ɗaya ta rezo. Wani ya gwada, wata ta gwada. Yanzu ko Balkisun ba za mu iya kira ba, ga shi an yi azahar. Ƙande ta zauna a kan bido, littafin sunaye a cinyarta, tana shafa bangonsa. Maiwada ya tsaya kusa da ita yana susa, yana jiran ta zolaye shi. Ba ta ko dube shi ba. Tun muna yara ban taɓa ganin ta bar shi ya wuce ba tare da ta jefa masa magana ba.

Muna nan sai ga babur ɗin Sharifu. A bayansa wata matashiya ce, laka har gwiwa, takalmanta a hannu. Ashe ita Ƙande ta aike shi nema. Da ƙafa ta ƙetare ƙoramar, Sharifu ya ɗauko ta daga wannan gaɓar. Ta gaishe da Malam Sirajo, ta gaishe da Ƙande, ta dubi allo, ta dubi shuɗiyar igiyar da ta shige cikin tarin laka.

Ta ce, "Ni ce Balkisu. Ina suri?"

Mutum fiye da ɗari suka nuna mata kangon da yatsa.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan idonta ya sauka a wuyan Maiwada. Ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa.

"Baba, don Allah miƙo mini abin wuyanka."

Ta kwance ƙullin, ta goge lakar, ta soka wutsiyar a bayan baƙin akwatin. Ta ɗora abin a kan littafina ta ja shi kaɗan. Kibiya ta zagaya allon.

"Wannan shi ne suri. Da Faransanci ɓera ke nan, saboda wutsiyarsa. Ga hagunsa, ga damansa. Da yatsa ɗaya ake dannawa."

Ƙande ta ɗago kai a hankali. "Ashe kwana biyu ɓera kake kira Damagaram da shi, bawana."

"Na san ɓera ne," in ji Maiwada. "Adana shi na yi kada ya ɓata. Ita kuma Madam da ta ce ɓera tun farko, da ba a kai ga haka ba."

Balkisu ta ce, "A wannan kam ka fi ni gaskiya, Baba."

Ta zaro igiyar daga laka, ta hure bakinta ta goge. Tana aiki tana nuna mini, domin ta ce ni zan ci gaba da kula da kayan. Ruter shi ke kamo rezo daga sama, igiyar kuma hanya ce tsakaninsa da ordinater, don haka baki ɗaya a nan, ɗaya a can. Kada a lulluɓe na'ura da bargo, zafi ke kashe ta. In abu ya ƙi, a kashe a kunna kafin a nemi ruwa. Sai ta juya ruter ta buɗe wani ɗan murfi.

"Ina fus ɗin? Ɗan kati ne irin na salula, yana cikin ambulan. In babu shi ruter kurma ne."

Duk muka dubi kan Maiwada, sannan muka dubi ramin. Da sandar Malam Sirajo aka ƙwaƙulo hular. Gara ta cinye ambulan ɗin da rabin hular, amma ta bar katin, da yake ba ta cin roba.

Balkisu ta sa fus, ta kunna. Fitilar rezo ta tsaya ja. Ta ɗaga ruter iya tsawon hannunta, ja. Ta ce sai an kai shi tsayin da surin yake a da, kuma a daidai wannan wuri. Babu itace kusa, babu lokacin kafa sanda. Ƙande ta dubi rana, ta dubi amalanke, ta aika a ɗauko turminta. Aka matso da amalanken bakin ramin, aka kife turmi a kansa.

"Wa ya fi kowa tsawo a garin nan?" in ji ta.

Babu wanda ya dubi Dogo.

Maiwada ya hau turmi ba takalmi, ya ɗaga ruter sama da kansa da hannu biyu. Fitila ta koma kore. Na buɗe littafi ina karanta sunaye, Balkisu tana bugawa. Duk lokacin da hannunsa ya sassauto, fitilar ta yi ja, jama'a su ce, "Sama, injiniya." Ƙande ta samo karan gero ta tsaya a gefen amalanke, da ta ga gwiwar hannunsa ta fara lanƙwasa sai ta ɗan taɓa ta.

"Saura nawa?" in ji shi, a gida na talatin.

"Saura kaɗan."

A gida na sittin gumi yana ɗiga daga haɓarsa, wata gara da ta ɓuya a rigarsa ta tuna da shi. Ya yi ta rawa a kan turmi da ƙafa ɗaya, amma bai sauke hannu ba. Ya roƙi a tsallake gidan Dogo da na mai jakin Dantchiao. Aka tuna masa mai jakin ba ya cikin littafi. Gida na tamanin da bakwai nasa ne, domin shi ya zo ƙarshe ranar rajista. Ƙande ta ce in karanta shi a hankali, in maimaita, kada a yi kuskure.

Balkisu ta danna ɓeran sau biyu. Wani rubutu ya fito, ta karanta ta fassara mana: an karɓi gidaje tamanin da bakwai. Ba a yi minti biyar ba ladan ya kira la'asar.

Da aka sauko da Maiwada hannuwansa suka ƙi komawa ƙasa. A haka ya juya ga 'yan kasuwar da suka rage, hannu a sama, ya ce, "Ku shaida, ta jikina ya bi."

Irin ya iso bayan mako guda, muka shuka, ga shi yanzu ya kai ƙugu. An kafa dogon ƙarfe a inda surin yake, masu waya sun koma hawa tsani. Maiwada kuwa yana nan yana ba da labari a tashar Dungas cewa da hannunsa biyu ya ciyar da gidaje tamanin da bakwai. Na sha yin niyyar in ƙaryata shi, sai in rasa ta inda zan kama, domin a wannan karon abin da ya faɗa haka ya faru.

Kalmomin Faransanci da ke cikin wannan labari na rubuta su ne yadda kunnena ya ji, ban san yadda masu su ke rubutawa ba. Na karanta wa Maiwada shi tun daga farko har ƙarshe, ya ce kuskure ɗaya ya samu, wato ban sa injiniya a gaban sunansa ko'ina ba. Wannan na bar shi yadda yake. Sauran kurakuran, waɗanda na tabbata suna da yawa, ina roƙon duk wanda ya fi ni karatu ya gyara mini su, Allah ya saka masa da alheri.